Bayan an miƙa takarda, wa kyamara ta bi? Yadda ake auna fim ɗin saki

Fim ɗin saki ba ya wuyar samu, ka buɗe YouTube ko ka kunna Arewa24 da daddare, da wuya a daɗe ba ka ji wani ya ɗaga murya ya ce "je ki gidanku na sake ki" ba. Abin da ke da wuya shi ne mutum ya gama kallo ya iya faɗin ko fim ɗin ya yi wa mutanen cikinsa adalci, wa aka nuna a matsayin cikakken mutum, wa aka ajiye don cika allo, wa kuma aka manta da shi gaba ɗaya alhali a rayuwa shi ya fi kowa shan wuyar rabuwar. Yawancinmu sharhinmu ba ya wuce "wallahi fim ɗin ya yi ma'ana" ko "wannan ai ɓata tarbiyya ne", daga nan sai a koma gardamar kayan da jaruma ta saka. To ga hanyar da nake bi, ba ta buƙatar wani digiri, takarda ce da biro sai haƙurin kallo sau biyu.

Kallon farko ka ajiye biron. Ka kalla kamar kowa, ka ji haushin wanda za ka ji haushi, in hawaye ya zo ka bar shi ya zo. Amma da an gama, kafin ka shiga karanta abin da mutane suka ce, rubuta abu biyu: wa ka tausaya wa, wa ka tsana. Ka adana wannan, don a kallo na biyu aikinka shi ne ka gano yadda aka yi zuciyarka ta kai can, ai ba da ƙafarka ka je ba, darakta ne ya ja ka, da kiɗa, da wanda ya bari ya yi dogon bayani, da wanda ya sa aka katse wa magana.

A kallo na biyu sai ka jera duk wanda ya fito, har maigadi da direba da 'yar aiki da tsohuwar da ke tsakar gida tana gyaran zogale. Gaban kowa tambaya uku. Yana da suna? Ya yi maganar da ta wuce "to Alhaji" da "sannu da zuwa Hajiya"? Akwai abin da yake so don kansa, wanda ba hidimar jarumi ko jaruma ba? Ta ukun nan ita ce mai tona asiri. Za ka ga fim cike da mutane amma biyu ne kacal ke da buƙata, sauran an kawo su ne su ba da shawara, su kai gulma, ko su buɗe get. Ɗauki ƙawar jaruma, tun daga farko har ƙarshe ba mu san ko tana da miji ba, ba mu san sana'arta ba, ita dai kullum tana bakin gado tana cewa "ni dai da ni ce wallahi ba zan yarda ba".

Sai babban ma'aunin, wanda ko shi kaɗai ka riƙe ya ishe ka. Nemo wurin da aka furta sakin ko aka miƙa takardar, ka rubuta a minti na nawa ne, sannan ka lura wa kyamara ta bi bayan nan. Mutum biyu sun rabu, ɗaya ya fita ɗaya ya zauna, dole kyamara ta zaɓi wanda za ta bi, kuma wanda ta zaɓa shi ne mai fim ɗin komai aka rubuta a fasta. Akwai tsohon fim ɗin Amurka na 1979, Kramer vs. Kramer, matar ta bar gidan tun a mintunan farko, ta shiga lif ƙofa ta rufe, kyamara ta zauna da mijin da ɗansu, muna ganinsa yana ta shirme a kicin wajen haɗa karin kumallo, yana kai yaro makaranta, yana gudu da shi a hannu zuwa asibiti ranar da ya faɗo a wurin wasa. Ita ko shiru, sai bayan wata 15 ta dawo tana neman ɗanta, lokacin mai kallo ya riga ya zama ɗan gidan miji. Fim ne mai kyau fa, kyautar Oscar, babbar kyautar fina-finai ta Amurka, biyar ya ci, kuma a zamaninsa ba a saba ganin uba yana reno shi kaɗai ba. Amma rashinta a allo ya riga ya yanke mata hukunci tun kafin a je gaban alƙali.

A namu fina-finan abin yakan zo ta wata fuska. Sau da yawa saki shi ne ƙarshen fim, wato horo ne ga mace mara kunya, a nuna ta da akwati a ƙofar gida tana kuka, a sa kiɗan tausayi, a rubuta Alhamdulillah. Ko kuma ya zo a farko, sai a yi tsalle a rubuta "bayan shekara biyar" ta dawo a jibgegiyar mota ta auri wanda ya fi shi kuɗi, shi kuma ya tsiyace yana yawo da silifas. Duk biyun sun tsallake inda ainihin labarin yake. Ina idda? Ina ranar kwasar kaya, akori-kura a ƙofar gida, gwaggo da yayyenta mata sun zo da takardar da aka rubuta kayan ɗaki ranar jere suna bi ɗaya bayan ɗaya, ana kwance gado ana naɗe leda ana sauke labule, ga gardama ta kaure a kan firji shi ya saya ko cikin kayanta yake, yaran unguwa sun yi cirko-cirko, maƙota na leƙe ta katanga? Ina komawa gidan da ɗakinta na 'yanmatanci ya riga ya zama na ƙaninta, sai dai ta raɓa a ɗakin inna, ko ta tafi gidan yaya inda matarsa ke ƙirga mata loma? Ina masu zuwa zawarci, irin waɗanda ba sa sallama sai bayan isha'i kuma ba sa son a ce su turo manya? Fim ɗin da ya tsaya a waɗannan wuraren ko na minti goma ne ya san bazawara. Wanda ya tsallake su, sunanta kawai ya ara.

Kuma ba wai ba a taɓa yi da Hausa ba. Littafin Balaraba Ramat Yakubu na 1990, Alhaki Kuykuyo Ne, wanda daga baya aka mayar fim, abin da ya sa har yau ake maganarsa shi ne ya bi Rabi bayan an kore ta da 'ya'ya tara, ya nuna ta tana sayar da abinci tana riƙe su. Zawarawan nan kuma ba 'yan tsiraru ba ne da za a ce an manta da su bisa kuskure. A 2009 ƙungiyar zawarawa ƙarƙashin Hajiya Altine Abdullahi ta shirya zanga-zanga a Kano, Hisbah ta hana. A 2012 gwamnatin jihar ta fara auren zawarawa da ma'aurata 100, a 2023 aka ɗaura na ma'aurata 1,800 a lokaci guda, zawarawa da 'yan mata. Su ne fa masu kallon fina-finan nan a waya, suna ganin yadda ake zana su.

Daga nan ka koma kan laifi. Ɗauko sunan wanda ka rubuta ka tsana, ka gwada ba da labarin daga bakinsa, da hujjojin da fim ɗin da kansa ya ba ka. In ka iya, ko da ba ka yarda da shi ba, marubucin ya yi aiki. In abin da ka samu bai wuce "muguwa ce kawai" ba, to ba a rubuta mutum ba. Kun san su ai, uwar miji mai ɗaure fuska da ba ta taɓa dariya ba, kishiya mai hanyar gidan boka, 'yar boko mai aikin ofis da ba ta iya tuƙa tuwo ba, ƙanwar miji mai kai rahoto. Ba na ce babu irinsu a gari ba, akwai su mana. Amma uwar mijin nan wataƙila ita ta sayar da gonarta ta kai shi makaranta, yanzu tana ganin an zo za a raba ta da shi da tsufanta, in an nuna mana wannan ko a sin ɗaya ne za mu ci gaba da jin haushinta amma mun san daga ina abin ya taso. Ka kuma ƙirga, cikin masu laifin nawa ne mata? Za ka sha mamakin yawan fina-finan da namiji ne ya furta saki amma duk laifin an rarraba wa mata, shi zuga shi aka yi, ko asiri aka yi masa, ko sharrin shaiɗan ne.

Fim ɗin da nake ba kowa shawarar ya gwada wannan awon a kansa shi ne na Iran ɗin nan, A Separation, na Asghar Farhadi, ya fito a 2011, kuma shi ne na farko daga ƙasar da ya ci Oscar, a 2012. Farkonsa miji da mata ne, Nader da Simin, zaune suna fuskantar kyamara, alƙalin ba a nuna shi sai muryarsa, wato kai mai kallo aka ɗora a kujerarsa. Ita tana so su bar ƙasar saboda makomar 'yarsu, shi ya ce ba zai tafi ya bar mahaifinsa mai ciwon mantuwa ba. Ba duka, ba zagi, ba neman mata, ita da bakinta ta shaida mutumin kirki ne. To wa za ka ba gaskiya? Duk wanda ka zaɓa, ɗayan na da hujjar da za ta hana ka barci. Lura da yadda aka raba musu allo daidai, kowa ya samu ya faɗi nasa. In kana auna wani fim, nemi sin irin wannan, inda su biyun ke magana, ka duba wa ke tsaye wa ke durƙushe, fuskar wa aka matso da ita, a kan wa aka sa kiɗa.

Yanzu aljihu, wanda a ganina shi ne bambancin da aka fi mantawa da shi in ana maganar wakilci. A fim ɗin Iran ɗin, bayan Simin ta koma gidansu sai Nader ya ɗauki mai kula da tsohon, Razieh, mace mai riƙo da addini, matalauciya, da juna biyu, tana tahowa daga nesa da 'yarta ƙarama a hannu, mijinta bashi ya yi masa katutu kuma bai ma san ta kama aikin ba. Ranar farko tsohon ya ɓata wandonsa, ta tsaya tana kai-kawo, ƙarshe ta ɗauki waya ta kira masu ba da fatawa ta tambaya ko zunubi ne ta canza masa. Sin ɗin gajere ne amma ka riga ka san wace ce ita, me take tsoro, me ya fito da ita daga gida. Daga baya labarin ma ya koma kanta, rabuwar masu hali ta faɗo a kan gidan talaka. Yanzu koma takardarka ka duba 'yar aikin da ke fim ɗin da kake aunawa. Daga wane ƙauye aka kawo ta, nawa ake biyan uwarta, in an saki Hajiya ita ina za ta? Akasari ba amsa, an sa ta ne ta fasa kofi a mare ta, ko maigida ya ƙyasa.

A ɗaya gefen akwai Marriage Story na 2019 da ke Netflix, darakta da 'yar wasa suna rabuwa tsakanin New York da Los Angeles. Wajen raba wa miji da mata allo ya yi ƙoƙari sosai, kowa an zauna da shi. Amma lauya ɗaya a ciki dala dubu 25 ya nema kafin alƙalami, kuma manyan 'yan wasan da lauyoyin duk fararen fata ne, a Los Angeles, birnin da kusan rabin mutanensa 'yan asalin Latin Amurka ne. Wannan bai sa ya zama mummunan fim ba, sai dai in za ka yi sharhi ka faɗa, sakin masu kuɗi ne wannan. Haka namu, in gidan bene ne a Nasarawa GRA ko Maitama, falo uku, kowa da motarsa, ka rubuta haka. Matar da aka saka a gidan haya a Kurna ko Rijiyar Lemo, ɗaki ɗaya da rumfa, damuwarta ta farko ba kishi ba ne, kuɗin mota ne zuwa gidansu da wanda zai ɗaukar mata kaya.

Yara kuma, nan ne nake gane marubucin da ya zauna ya yi tunani. A fina-finai da yawa yaro kaya ne, ana ja ana fizga, "ba ni ɗana", "ba inda za shi", shi bai ce uffan ba, ko kuma a sa masa wa'azin da ko limami sai ya yi shiri kafin ya yi. Termeh, 'yar Nader da Simin a fim ɗin Iran, 'yar shekara 11, ba haka take ba, tana kallon iyayenta tana gane inda kowa ya kauce, ta ritsa babanta da tambaya, har ta kai ta yi ƙarya a gaban alƙali don ta kare shi, sannan aka nuna ta a mota hawaye na zuba. Nemi irin wannan: yaron ya taɓa yin abin da ya juya labarin? An taɓa nuna shi shi kaɗai, ba babba a kusa? In uwar ta sake aure ya zama agola, an nuna yadda ake raba nama a gidan? In gun matar uba ya zauna, ita ma an ba ta fuska biyu ko dai muguwa ce tun daga ɗaurin ɗankwali?

A nan sai ka ɗan san hukunci kafin ka yi magana, don fim yakan gauraya al'ada da shari'a mai kallo ya tashi yana zaton abu ɗaya ne. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, reno haƙƙin uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare, uba kuma shi ke ciyarwa, in uwar ta auri bare renon ya koma wajen mahaifiyarta kafin a zo kan dangin uba. A gari kuma mun san yadda ake yi, da an yaye yaro sai a aiko a ɗauke shi. Haka "je ki gidanku", ayar farko ta Suratuɗ Ɗalaƙi cewa ta yi kada a fitar da su daga gidajensu, a ɗakinta za ta yi idda. Ba laifi ba ne fim ya nuna abin da mutane ke yi, ai shi ne aikinsa. Abin dubawa shi ne ko akwai wani a ciki, malam ne, waliyyi ne, kaka ce, da ya san an karkace, ko kuwa fim ɗin da kansa bai sani ba. Duba kuma macen da ta je kotu neman khul'i ta mayar da sadaki, ko ta kai ƙarar cutarwa alƙali ya raba auren, yaya aka zana ta? In duk wadda ta taka kotu a fim fitsararriya ce mai taunar cingam, to an faɗa wa mata masu kallo wani abu ba tare da an furta ba. Auren kisan wuta kuwa an mayar da shi abin barkwanci, ka lura ko an taɓa tambayar ita matar yadda take ji.

Maza ma a duba su, kar a ce wakilci na mata ne kaɗai. Ina mijin da kasuwa ta karye masa ya kasa cefane, kunya ta sa ya koma faɗa? Ina wanda ya yi saki cikin fushi, da safe ya rasa inda zai sa kansa, ya ɗauki abokinsa suka tafi biko ana ta wulaƙanta su a zaure? Ina wanda aka hana ganin 'ya'yansa? In namiji a fim ɗin ko azzalumi ne ko waliyyi, shi ma an cuce shi.

Sai ƙabila da harshe da launi da lafiyar jiki, wanda shi mutane suka fi sani in an ce bambanci. Ni a nan ina da sassauci a wuri ɗaya da tsanani a wani. Labarin gida ɗaya a cikin Fagge ba dole sai an cusa Bayarabe ko Ibo ba don a ce an haɗa kowa, fim ɗin Iran ɗin nan kowa Ba'irane ne kuma Musulmi, amma ya fi fina-finai da yawa faɗi saboda ya haɗa mai hali da mara shi, mai tsananin riƙo da addini da mai sassauci, tsoho da yarinya. Inda nake tsanantawa shi ne in an kawo mutum, me aka kawo shi ya yi? Bafulatani don a yi dariyar wautarsa, Ibo don son kuɗi, Bayarabiya don faɗa da karyayyiyar Hausa, mai Sakkwatanci ko Hausar Damagaram in ya buɗe baki sai an sa sautin dariya, alhali mutanen Sakkwato da Maraɗi na cikin manyan masu kallo. In labarin ya shiga asibiti ko kasuwar Sabon Gari ba a ga kowa ba sai Bakano, nan ma ka rubuta. Hausawa Kirista kuma, irin na Wusasa a Zariya, yaushe rabon da ka ga rabuwar aurensu a fim? In auren rajista ne babbar kotu ce ke raba shi ƙarƙashin dokar 1970, ba furuci ba ne ba takarda ba ce, labari ne daban gaba ɗaya da ba a taɓa shi.

Launi kuwa ba sai na ja ba, jera fuskokin matan ka gani da idonka. In wadda ake so ta gari fara ce sol, wadda aka saka ko 'yar aiki ko muguwar kishiya baƙa ce, to "farar mace alkyabbar mata" ce ke aiki a ƙarƙashi ko marubucin bai yi niyya ba. Haka kurma da makaho da mai in'ina da mai taɓin hankali, an kawo su ne don dariya ko don a ce asiri ya kama wani? Tsohon nan mai ciwon mantuwa a fim ɗin Iran kusan ba ya magana, amma akwai inda ɗansa ke yi masa wanka a banɗaki, yana zuba masa ruwa yana cuɗa masa baya, kawai sai ya kifa kansa a jikin tsohon ya fashe da kuka. Ba a yi wasa da ciwonsa ba, kuma shi ne tsakiyar rikicin.

Wataƙila ka ji labarin gwajin Bechdel, daga wani zanen barkwanci na 1985: a samu mata biyu a fim, su yi magana da juna, kuma maganar ba a kan namiji ba. A fina-finanmu sharaɗi biyun farko ba wuya, mata cike da gida suna hira tun safe, na ukun ne ke kayar da su, daga "ya ce" sai "zai ƙaro" sai "me zan dafa masa". Ka gwada, ba ya cin lokaci, amma kar ka dogara da shi, fim ɗin saki dole a yi maganar miji. Ni abin da nake nema ya fi sauƙi, sin ɗaya da matar ke maganar adashi, ko jarabawa, ko ciwon mahaifiyarta, ko kuɗin ɗinki.

Kar ka kashe in an fara jero sunayen ma'aikata a ƙarshe. Wa ya rubuta labarin, wa ya ba da umarni, wa ya zuba kuɗi, akwai mace ko ɗaya a cikinsu? Ba ina nufin namiji ba zai iya rubuta mace ba, Farhadi ai namiji ne. Amma a wancan fim ɗin na 1979, jawabin da matar ta yi a kotu, wanda shi ne wurin da aka fi jin ta, Meryl Streep ce da ta fito a matar ta sake rubuta shi da kanta. Masu ba da Oscar ma tun bikin 2024 sun sa sharaɗi, fim ba zai nemi kyautar gwarzon fim na shekara ba sai ya cika biyu cikin ma'aunai huɗu na wakilci, kuma ɗaya ne kawai a cikinsu ya shafi fuskokin da ke allo, sauran na bayan kyamara ne, shugabannin aiki, masu koyon sana'a, masu tallata fim. Mu Hukumar Tace Fina-finai ta Kano da ke aiki tun 2001 idonta ya fi karkata kan sutura da rawa da tarbiyya, wannan awon sai dai mai kallo ya yi abinsa.

In ka zo rubuta sharhin, kar ka ba da maki kawai, kuma kar ka ce "fim ɗin ya ci zarafin mata" ka yi shiru, za a ce ra'ayinka ne. Kawo sin, kawo minti: an yi saki a minti kaza, daga nan matar ta fito sau kaza, mijin sau kaza, yaran ba su yi magana ba sai sau ɗaya. Wanda zai yi musu sai ya koma ya kalla. Ka raba tsakanin abin da fim ya nuna da abin da ya goyi baya, nuna miji yana duka ba koyar da duka ba ne, sai in an tashi a kan ita ta jawo. Ka faɗi inda aka yi daidai ko da ɗaya ne, masu fim ɗin nan suna karantawa kuma sun fi sauraron wanda ya lura da ƙoƙarinsu. Sannan ka sanar in akwai abin da zai yi wa yaran da iyayensu suka rabu nauyi, don sau da yawa tare ake kallo a falo ba wanda ya kula da wanda ya yi shiru.

In mai dogon zango ne ba sai ka maimaita duka ba, wa ke da wannan datar. Ɗauki kashin da aka yi sakin, da biyun da ke biye, sannan ka tsallaka gaba kamar kashi goma ka duba ko matar na nan kuma me take yi. In ta ɓace, ɗan bincika kafin ka ɗora wa marubuci, a Kannywood wani lokacin jarumar ce ta yi aure ta bar fim, ko suka saɓa da furodusa, sai a sake ta a labari don a samu hanyar cire ta. In haka ne ka faɗa a sharhinka, sannan ka duba 'ya'yan da ta bari a labarin ko an ci gaba da nuna su ko su ma an tura su makarantar kwana.